Kyamara a Bishiya, Masara a Ƙasa: A Kan Wa Asarar Take Faɗawa?

A watan Yunin 2021 kwamishinoni biyar na hukumar kula da namun daji ta jihar Arizona a Amurka suka kaɗa ƙuri'a, bakinsu kuma ya zo ɗaya: daga ranar 1 ga Janairun 2022 babu maharbin da zai ƙara amfani da kyamarar daji wajen neman dabbar da zai harba. Ba su ne farau ba. Tun 2018 jihar Nevada ta hana kafa irin wannan kyamara a filayen gwamnati daga watan Agusta zuwa ƙarshen shekara. Utah ta haramta zuba wa manyan namun daji ƙoto a 2021, ta taƙaita kyamarar a 2022, Kansas kuma ta kore ta daga dazuzzukan gwamnati a 2023.

Kyamarar da ake wannan taƙaddama a kanta ɗan akwati ne da bai fi tafin hannu ba. Ana ɗaure ta a jikin bishiya, tana da na'urar da ke jin ɗumi da motsi, duk abin da ya gifta sai ta ɗauke shi hoto, dare ko rana, ta rubuta kwanan wata da sa'a. Na zamani ma layin waya ake sa musu, maharbi na kwance a ɗaki hoton barewa zai faɗo masa a waya. Ƙoto kuwa shi ne abincin da ake zubawa don janyo dabba gaban kyamara, daga baya gaban bindiga: masara, tuffa, karas, gishirin lasa. In beyar ake nema, sai a zuba kitse da alewa da ragowar kayan gidan burodi. A Texas har inji ake kafawa mai agogo, yana watsa masara safe da yamma.

Maharba da dama na ƙorafin cewa wannan tsari ya zama liyafa ga kyarkeci da zakin dutse da dilan Amurka da ake kira koyote, tunda an tara musu nama wuri ɗaya, an kuma sa masa lokaci. Masu sayar da kyamara da buhunan masara kuwa cewa suke ba abin da ya taɓa daji, ido ne kawai da ɗan abinci. Ni dai maganar ɓangarorin biyu ba ta kwanta mini ba. Na farko sun cakuɗa abubuwa uku da ya kamata a ware, na biyu kuma cinikinsu suke karewa. Akwai kyamara, akwai ƙoto, akwai mutumin da ya kawo su. In gaskiya ake nema, kowanne sai a buɗe masa nasa shafin lissafi.

Cakuɗawar tana da asali. George Shiras, wanda ya fara wannan sana'a a dazuzzukan Michigan a shekarun 1890, igiya yake ɗaurawa a jikin ƙoto, dabba na ja sai hoda ta tashi da haske, hoto ya ɗauku. Mujallar National Geographic ta buga hotunansa 74 a fitowarta ta Yulin 1906. Tun daga ranar gini, kyamara da ƙoto tare suka taso, shi ya sa laifin ɗaya yake shafar ɗaya.

Shafin kyamara

Abu na farko da za a amince da shi, dabbobi sun san da zamanta. A 2014 Paul Meek da abokan aikinsa a Ostareliya suka auna ƙarar da kyamarori iri-iri ke fitarwa da hasken da suke haskawa da dare, wanda idon mutum ba ya gani. Suka tarar da yawancin dabbobi masu shayarwa suna iya jin ƙarar, da yawa daga cikinsu kuma suna iya ganin hasken. Don haka tallan da ake yi cewa kyamara ɓoyayya ce, ga ɗan Adam kaɗai take ɓoye.

Amma sanin tana nan daban, zuwa wurinta daban. Wani bincike da aka buga a 2003 kan koyote a arewacin Kalifoniya ya nuna shugabannin garke, waɗanda su ne suka mallaki yanki, ba a taɓa samun hotonsu a cikin yankin nasu ba. Suna bin sawun masu kafa kyamarar daga nesa, su gane inda aka ɗaura ta, su kauce mata. A gandun dajin Bardiya na Nefal, hotunan damisar Asiya mai zane sun ragu da fiye da rabi bayan darare biyar na farko, saboda ta koyi ratse wa walƙiyar. A 2009 kuma aka tattara binciken da aka yi kan kyamarorin da ake kafawa a bakin sheƙar tsuntsaye. Abin da ya fito ya saɓa wa tsammani: a jimlace, sheƙar da ke da kyamara ta fi tsira daga ɓarayin ƙwai.

Dalilin ba mai nisa ba ne. Macin naman da ya daɗe yana shan tarko da guba da harsashi, duk sabon abu mai warin mutum abin tuhuma ne a wurinsa. Beyar dai ta fita zakka, don ita takan je ta shinshina akwatin ta tattaune shi, har sai da aka ƙera masa gidan ƙarfe. Wannan kuwa asarar mai kyamara ce, ba ta barewa ba.

To ina laifin kyamara yake? Yana ƙafar mai ita. Wadda ba ta da layin waya sai an je an cire katin hotuna, an sauya batir. Arizona ƙasa ce mai ƙarancin ruwa, hukumarta na kula da mashaya kusan 3,000 da aka gina wa namun daji, kuma ƙorafin da ya kai ga haramcin shi ne akan tarar da gomman kyamarori a mashaya ɗaya, kowacce da mai ita, kowa da ranar zuwansa. Dabbar da ke da wurin sha ɗaya tak a tafiyar yini, in aka mayar da wurin kasuwa, ko ta haƙura da ƙishirwa ko ta koma sha da dare, lokacin da zakin dutse ya fi kai-komo. Kada a raina tsoron da mutum ke jefawa. A 2023 Liana Zanette da tawagarta suka kafa lasifika a mashayun yankin Kruger na Afirka ta Kudu, suna sakin muryar mutane suna hira, wani lokaci kuma gurnanin zaki. Yiwuwar dabba ta ruga da gudu ta ninka sau biyu in muryar mutum ta ji, kuma kashi 95 cikin 100 na nau'o'in da aka gwada sun fi gudun mutum.

Akwai kuma hanyar da ƙafa da babur mai taya huɗu ke buɗewa. A arewacin Albata ta Kanada an auna cewa kyarketai na tafiya ninki biyu zuwa uku da sauri a kan layukan da kamfanonin neman mai suka sare cikin daji. Turbar maharbi ba ta kai waɗannan layuka faɗi ko tsawo ba, saboda haka ba daidai ba ne a ɗora mata laifinsu kacokan, amma ƙa'idar ɗaya ce: hanyar da ta sauƙaƙa wa mutum tafiya ta sauƙaƙa wa kyarkeci. Jimlar wannan shafi ke nan: akwatin kansa kusan ba shi da laifi, zirga-zirgar da yake jawowa ce ke da ɗan bashi a kanta.

Shafin ƙoto

Nan lissafi yake yin nauyi. Wahalar macin nama ba kisa ba ce, nema ne. Yini yake yi yana yawo kafin ya haɗu da abin da zai kama, sau da yawa kuma ya kwana da yunwa. Duk abin da ya tara dabbobi wuri ɗaya a lokaci sananne ya rage masa rabin aiki.

Babban darasi a kan haka daga Afirka ya fito, kuma da ruwa aka yi shi, ba da masara ba. Hukumar gandun dajin Kruger ta yi shekaru tana haƙa rijiyoyin burtsatse don ceton namun daji daga fari, har suka haura 300. A filayen arewacin gandun akwai gwanki, dabbar da ke zaman lafiyarta a busasshen wurin da sauran dabbobi ba sa iya daɗewa. Da ruwa ya samu ko'ina, jakunan dawa da wata dabba mai kama da saniya da ake kira wildibis suka kwararo yankin, musamman bayan farin 1982 zuwa 1983. Zakuna suka biyo su. Gwankayen Kruger da suka kai kusan 450 a 1986 suka koma kusan 45 a 1993. Binciken da aka buga a 1999 ya ɗora babban laifin a kan zakunan da ruwan ya janyo. An fara rufe rijiyoyin daga 1994, amma har yau gwanki bai koma yawansa na da ba. Garin gyaran gira aka rasa ido.

Sai dai mai shakka ba ya tsayawa kan misalin da ya yi masa daɗi. A kudancin Arizona an bincika mashayun da aka gina, a binciken da aka buga a 2000, aka tarar da sawu da kashin maciya nama sun fi yawa a bakin ruwa nesa ba kusa ba, amma gawar abin da suka kashe kaɗan ce ƙwarai. Wani binciken na 2006 ya naɗi dubban sa'o'i na bidiyo a irin waɗannan mashayu, farmakin da aka gani bai taka kara ya karya ba. Ke nan haɗuwar macin nama da abincinsa wuri ɗaya ba kullum take ƙarewa da jini ba. Maharbin da ya ga hoton koyote da ƙarfe biyun dare a inda barewa ta tsaya da magariba ya ga maƙwabtaka ne, bai ga kisa ba. Kafin a ƙirƙiro kyamara ma koyoten na bin wannan turba, ba mai ganinsa ne kawai.

Abin lura a labarin Kruger shi ne wanda ya kwana a ciki. Jakin dawan da ya zo shan ruwa bai ƙare ba. Gwankin da bai roƙi kowa ruwa ba shi ya tafi. Wannan salo zai yi ta maimaita kansa a sauran lissafin.

Barewar da ake wa kuka

Babbar barewa mai farar wutsiya, wadda don ita ake zuba yawancin masarar, ba ta cikin waɗanda suka fi shan wuya a bakin ƙoto. Tana da hanci da kunne da gudu, in kuma suka taru idanu sun yi yawa. Inda koyote ke yi wa bareyi ɓarna sananne ne. John Kilgo da abokan aikinsa sun bi jariran bareyi 91 a Karolina ta Kudu, 70 suka mutu, kuma koyote ne ya kashe aƙalla kashi 37 cikin 100 na waɗanda suka mutun, adadin da ke iya kaiwa kashi 80 in an haɗa da waɗanda alamu suka nuna shi ne. Yawancin mutuwar a makonnin farko na haihuwa take, lokacin da jaririn ke kwance cikin ciyawa shi kaɗai. Wannan kuwa watanni ne kafin lokacin farauta, kuma ba a gindin injin masara ba.

Inda ƙorafin maharba yake da ƙafa shi ne jihohin arewa masu dusar ƙanƙara. Can bareyi kan taru da hunturu a cikin kurmin itatuwa masu duhu, su tattake hanyoyi barkatai waɗanda suke tserewa ta kansu. Hukumomin namun daji na Maine da New Hampshire sun daɗe suna gargaɗin cewa ciyarwar hunturu na fito da su daga wannan mafaka, ta tara su a ɗan wuri mai hanyar fita kaɗan, kusa da karnukan gida da koyote da titin mota. Wannan asara ce ta gaske, amma ta wani yanayi ce da wani yanki, ba hukuncin ko'ina ba.

Masu biyan bashin da ba su ci ba

Ana zaton wuta a maƙera sai ta tashi a masaƙa. Masarar da aka zuba ba ta san sunan wanda aka zuba wa ba. A kudancin Ingila an sa kyamarori a jikin mazuban hatsin da ake ajiye wa tsuntsayen farauta, binciken da aka buga a 2015 ya nuna kusan kashi biyu cikin uku na hatsin waɗanda ba a gayyata ba ne suka cinye shi, irin su ɓeraye da hankaki da kurciyoyi. A Amurka baƙin su ne wata dabba da ake kira rakun da bodarin can da aladun daji, dukansu kuwa gwanayen shan ƙwai ne.

Susan Cooper da Tim Ginnett sun gwada wannan a Texas, suka buga sakamakon a 2000. Sun ajiye sheƙunan gwaji da ƙwai a ƙasa, wasu kusa da injin masarar bareyi, wasu a inda babu. Na kusa da inji sun fi saurin ɓacewa. A tsaunukan Biyeshcadi na Foland, Nuria Selva da tawagarta sun maimaita irin gwajin a wuraren da ake zuba wa bareyi da aladun daji abinci. A rahotonsu na 2014, ɓarnar sheƙa ta fi da kashi 30 cikin 100 a kusa da wurin ciyarwa, tasirin yana kaiwa nisan kilomita ɗaya, wanda in aka haɗa wuraren duka ya cinye kusan kashi ɗaya cikin biyar na yankin. Dole a faɗi raunin irin wannan gwaji: sheƙar da mutum ya ajiye ba ta da uwar da za ta rufe ta ko ta janye hankalin ɓarawo, don haka adadin ba shi ne ainihin abin da ke samun talotalon daji ko salwa ba. Amma nahiya biyu, maciya ƙwai daban-daban, alkibla ɗaya, ba a kira shi dace.

A jihar Jojiya an bi kyanwar dajin Amurka da na'urar bin sawu a gonakin da ake zuba wa salwa dawa. Rahoton 2004 ya nuna ana samunta kusa da wurin hatsin kusan ninki goma fiye da yadda za a zata in yawonta na kara-zube ne. Wani rahoton na 2008 daga yankin ya nuna shaho mai jar wutsiya ma ya matso. Hatsi ya tara ɓeraye, ɓeraye sun tara masu cinsu, salwar da aka so taimaka tana tsakiya.

Adalci ya sa a rubuta abin da ke ɓangaren riba. Masu binciken salwa a kudancin Amurka sun nuna in aka watsa hatsin cikin ciyawa a kan doguwar hanya, maimakon tara shi wuri ɗaya, tsuntsun na samun abinci ba tare da ya fito fili ba, yana kuma iya fin daɗewa. A Langholm ta Sukotlan, a 1998 da 1999, an riƙa ajiye wa wani nau'in shaho matattun ɓeraye da 'yan tsaki a bakin sheƙarsa, sai 'ya'yan tsuntsun farautar da yake kawo wa nasa 'ya'yan suka ragu da kashi 86 cikin 100. Ashe ba abincin ne kaɗai matsala ba. Tulin da ake yi wuri ɗaya, shekara da shekaru, shi ne matsalar.

Cikin mai ƙoshi kuma haihuwa yake yi. A Wisconsin ana fara zuba wa beyar ƙoto tun tsakiyar Afrilu, kusan wata shida ana yi, abin da ake zubawa a shekara ya haura lita miliyan 15. Binciken da aka buga a 2017 ya nuna fiye da kashi 40 cikin 100 na abincin beyar da aka harba a arewacin jihar daga ƙoto ya fito, masu binciken kuma sun danganta hakan da yawan beyar a yankin. Beyar kuwa tana cikin manyan masu cin jariran bareyi. Maharbin da ya ciyar da ita daga Afrilu, ya zo yana kukan ƙarancin bareyi a Nuwamba, ya kamata ya duba nasa hannun.

Har karnukan maharban ba su tsira ba. Joseph Bump da abokan aikinsa sun kwatanta Wisconsin da maƙwabciyarta Michigan, inda ba a fara zuba ƙoto sai cikin Agusta. A rahotonsu na 2013, haɗarin kyarkeci ya kashe karen farauta ya fi a Wisconsin ninki biyu zuwa bakwai. Kyarketai na saba wa wurin ƙoto tun da wuri, su ajiye 'ya'yansu kusa, ranar da aka saki karnuka daga wurin sai a yi arangama. Wisconsin na biyan diyyar da ta kai dala 2,500 kan kowane kare. Ita kanta beyar ɗin takan ɗanɗana kuɗarta: a Satumban 2014 an tsinci gawar huɗu a New Hampshire kusa da tulin cakulan da kayan zaƙi mai nauyin kusan kilo 40, abin da ya sa jihar ta haramta ƙoton cakulan a 2015.

Shafin cuta

Wannan shi ne mafi tsada, kuma shi ne wanda kyamara ba ta ɗauka. Bareyin da ke kiwo a warwatse kowacce da ganyenta. A gindin tulin masara kuwa hanci na gogar hanci, yawu na zuba kan abin da ta baya za ta ci.

A 1994 wani maharbi ya harbo barewa mai tarin fuka na shanu a arewa maso gabashin Michigan, yankin da aka yi shekaru ana jibge wa bareyi abinci da hunturu. Bincike ya nuna cutar ta zauna daram a cikin bareyin daji, ta kuma tsallaka garken shanu. A 2000 jihar ta rasa matsayinta na wadda ta rabu da cutar, makiyayan da ba su taɓa zuba wa barewa ko ƙwayar masara ba suka shiga gwaji da yanka garke da takunkumin ciniki.

Sai cutar ramewar barewa, wadda aka fara gani a Kolorado a 1967. Wani gurɓataccen furotin ne ke kawo ta, ba ta da magani, ba ta da rigakafi, wadda ta kama kuma sai ta mutu. Furotin ɗin yana fita ta yawu da fitsari da kashi, yana shekaru a cikin ƙasa bai lalace ba. A 2018 masu bincike a Wisconsin suka gwada wuraren lasar gishiri 11 a yankin da cutar take, suka same shi a 9. Da ta ɓulla a Nowe a 2016, karon farko a Turai, gwamnati ta kashe garken bareyin ƙanƙara sama da 2,000 na yankin Nordfjella baki ɗaya, aka kuma killace wuraren lasar gishiri. Michigan ta sake haramta ƙoton bareyi a duk ɓangarenta na kudu daga ƙarshen Janairun 2019 saboda wannan cuta.

A nan ne cuta ta dawo ta haɗu da tambayarmu ta farko. A kusa da garin Boulder na Kolorado, binciken Michael Miller da abokan aikinsa na 2008 ya nuna barewar da ta kamu ta fi mai lafiya faɗawa hannun zakin dutse kusan ninki huɗu. Wato hanya mafi tabbas da ƙoto ke miƙa babbar barewa ga macin nama ba kwanton ɓauna ba ce a gindin tuli. Ciwon da ta kwasa a wurin ne, wanda bayan shekara ɗaya ko biyu zai dushe mata hankali ya rage mata gudu, a can wani kwari da babu kyamara.

Masarar kanta ma ba kullum alheri ba ce. Wadda ake sayarwa don namun daji sau da yawa mai ƙarancin daraja ce, tana iya ɗauke da gubar afalatoksin, irin wadda ke lalata mana gyaɗa da masara in sun sha danshi, tsuntsaye kuma ba sa jure ta. Barewar da cikinta ya saba da ganye da ɓawo, in ta afka wa hatsi farat ɗaya, abin da ke samun tunkiyar da ta fasa buhun dawa shi ke samunta. A Maris ɗin 2015 an tsinci gawar bareyi 12 a garin South Hampton na New Hampshire, bincike ya nuna abincin da mutane suka zuba musu ne ajalinsu.

Mai ƙafa biyu

Saura macin naman da ba a cika sa shi a lissafi ba, alhali shi kaɗai ne ke karanta hoton. Kyarkeci ba shi da waya. Duk bayanin da kyamara ke tarawa, wace barewa, wace turba, ƙarfe nawa, hannu ɗaya yake shiga. Binciken da Chris Darimont ya jagoranta a 2015 ya nuna ɗan Adam ya saɓa wa sauran mafarauta a abu guda: su raunana da ƙanana suke kamawa, shi kuwa manya majiya ƙarfi yake zaɓa, a matakin da ya kai ninki 14 na sauran, musamman a teku.

A Amurka lasisi ne ke ƙayyade yawan abin da za a harba, don haka kyamara ba lallai ta ƙara adadin gawa ba. Abin da take sauyawa shi ne wanda zai mutu. Tsohon namiji mai manyan ƙahoni, wanda wayonsa ya raya shi shekara shida ko bakwai, yanzu an san shi tun Yuli, an raɗa masa suna, an san mashayarsa. Shi ya sa ƙungiyar maharba ta Boone and Crockett, wadda Theodore Roosevelt ya kafa a 1887, ba ta karɓar dabbar da aka harba da taimakon kyamara mai aiko hoto nan take a kundin bajintarta. Ƙoton ma ba ya cika alƙawarin da ake sayar da shi a kai. Hukumar Karolina ta Kudu ta kwatanta yankinta na gaɓar teku, inda ake zuba masara, da na tudu, inda a lokacin aka hana, ta tarar da maharban tudu sun fi samun bareyi. Barewar da ta san abinci na jiranta ba ta da dalilin yawo da rana, sai ta bari duhu ya yi.

Wannan shafin ne ya shafe mu kai tsaye. Kyamarar daji ta riga ta iso ƙasarmu, kuma ta yi aikin kirki: da ita ƙungiyar kare namun daji ta WCS ta samo hotunan gorilar Kuros Riba da 'ya'yansu a tsaunukan Mbe, waɗanda ta fitar a Yulin 2020, dabbar da ba ta wuce kusan 300 ba a duniya. Amma na'urar da ke nuna wa mai bincike inda dabba take, ita ce za ta nuna wa mai farautar sata. Da rani namun dajin Yankari, har da gwanki, kogin Gaji suke dogara da shi. A wurin da ruwa ya riga ya tara dabbobi, ba a kuma ƙidaya abin da ake harbewa, kyamara mai layin waya a hannun da bai dace ba ta fi kowane zaki haɗari.

Jimla

In aka jera asarar daga babba zuwa ƙarama, cuta ce a sama, kuma ƙoto ne ya kawo ta. Tsuntsaye masu sheƙa a ƙasa ne ke biye, su ma ƙoto ne. Sai ƙaruwar maciya naman da ake ciyarwa ba da niyya ba, da karnukan da ke mutuwa a dalilin haka. Sai takurar da zirga-zirgar masu kyamara ke yi wa dabbobi a mashaya. Can ƙasa, da ɗan ƙaramin adadi, ake samun abin da aka fi yayatawa, wato kyarkeci ko koyote na laɓe a gindin kyamara yana jiran babbar barewa.

Saboda haka hukumar da ta hana kyamara ta bar buhun masara ta kama reshe ne ta bar tushe. Abin da hujja ta goyi baya shi ne a hana tara abinci da gishiri wuri ɗaya, musamman inda cuta ta ɓulla da lokacin da tsuntsaye ke kwanci. A nisanta kyamarar maharba daga mashaya a ƙasar da ruwa ya yi ƙaranci, a hana mai aiko hoto nan take a lokacin farauta, a bar wa masu bincike da masu gadin daji tasu, su kuma su riƙe sirrin inda suka kafa ta. Kyamara ba ta ƙara wa kyarkeci komai ba, mutum ta ƙara wa. Ƙoto kuwa ya cuci daji, kuma yawancin waɗanda ya cuta ba su ne aka zuba wa ba.